Ziyara Zuwa Duwarnane, Garin Matan Kifin Gwangwani

Ko wace ɗaya daga cikinku ta san kifin gwangwani, wanda mu kan aiki yaro kanti ya sayo ran da baƙo ya faɗo ba shiri, ko ran da za a ɗaura wa 'yar makarantar kwana kayan komawa. In an buɗe sai a tarar da kifaye uku ko huɗu kwance cikin mai, ba kai ba hanji, an jera su tsaf, wutsiyar wannan wajen wuyan wancan. Galibinmu mun ɗauka inji ke wannan jeri. To, a wurare da yawa hannun mace ne, kuma akwai wani gari a bakin teku a ƙasar Faransa wanda shekara fiye da 170 ke nan mata na wannan aiki a cikinsa. Na sami zuwa can cikin watan Yuli, shi ne na ga ya kamata in ba ku labari.

Sunan garin Duwarnane, su suna rubuta shi Douarnenez. Yana can ƙuryar yamma ta Faransa, cikin yankin da a ke kira Biretanya. Kada ku rikita shi da Birtaniya ta Ingilishi, ko da ya ke asalin sunan ɗaya ne, gama kakannin mutanen wurin daga can suka ƙetaro teku shekara wajen 1,500 da suka wuce, suka zo da harshensu. Lardin da garin ya ke ciki kuwa ma'anar sunansa ƙarshen ƙasa, kuma sunan ya dace, don daga nan in ka miƙa yamma ba sauran tudu sai Amurka.

Daga Faris jirgin ƙasa ya yi kusan awa huɗu da mu zuwa Kamfer, babban birnin lardin, sa'an nan muka shiga mota muka yi mil 15. Abokiyar tafiyata wata ƙawata ce 'yar Maraɗi da ke karatu a can, ita ce bakina ita ce kunnena, domin Faransancina bai wuce gaisuwa ba. Lokacin nan shi ne bazararsu, amma iskar da ke tasowa daga teku da yamma sai ta tuna maka hunturun Kano. Rana kuwa ba ta faɗuwa sai ƙarfe goma na dare ta gota. Yara na wasa a bakin ruwa, agogo na cewa lokacin barci ya yi, mu kuwa muna zaune muna jiran magariba.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne halin ruwan. Mu a gida kogi sau ɗaya ya kan kawo a shekara, da damina, sa'an nan ya janye da rani. Teku kuwa sau biyu ta ke wannan ko wace rana. Ta yi wajen awa shida tana cikowa, ta yi awa shida tana janyewa, kuma wata ne ke jan ta, shi ya sa cikowar ta fi ƙarfi ran tsayuwar wata da ran da ya cika. A irin waɗannan ranaku bambancin ya kan wuce mita 5. Jirgin da ka bari da safe yana lilo bisa ruwa, da azahar sai ka tarar da shi kishingiɗe cikin laka. Akwai wani ɗan tsibiri daura da garin, sunansa Tiristan, wanda ran babbar janyewa a kan taka da ƙafa a shiga, amma wanda ya yi nawa sai ya jira wata janyewar. Mutanen garin suna da ɗan littafi mai nuna lokacin cikowa da janyewa na ko wace rana ta shekara, suna duba shi kamar yadda mu ke duba lokatan salla.

Garin kansa bisa gangare ya ke, da lunguna matsattsu masu matakala, duk sun gangara zuwa tsohuwar kwata wadda a ke kira Rosmer. Gidajen da ke fuskantar kwatar dogaye ne masu hawa uku ko huɗu, manne da juna, wannan ja-ja wancan shuɗi-shuɗi. Ga waɗansu fararen tsuntsayen teku masu girman shirwa, marasa kunya, suna ihu tun asuba, in ka yi sakaci su fizge abin da ke hannunka. Bayan gari kaɗan, a wani wuri mai suna Pulomark, an nuna mana waɗansu manyan ramuka ginannu da dutse, kamar rijiyoyin marina. Rumawa suka gina su kusan shekara 2,000 da suka wuce, suna zuba kifi da gishiri a ciki har ya ruɓe ya zama abin ɗanɗanon miya, watau daddawar kifi. Kun ga ashe sana'ar kifi ta daɗe a wurin.

Kifin da garin ya dogara da shi, shi ne sadin, ɗan ƙarami mai walƙiya kamar azurfa, wanda ke yawo garke garke. Ya kan matso gaɓar nan daga ƙarshen bazara zuwa wajen Nuwamba. Yanzu da dare a ke kamunsa. Jirage su fita da yamma, in sun gano garke su kewaye shi da babban taru, su tsuke gindin tarun kamar bakin jaka, su kwaso. Mun yi sammako muka tsaya bakin sabuwar kwata, muka ga ana sauke shi cikin akwatuna da ƙanƙara, ba hayaniya, mutum huɗu ko biyar sun gama da jirgi guda.

A da ba haka abin ya ke ba. Wajen shekarar 1900 ƙananan jirage masu tafiya da iska kusan 800 ke fita daga wannan kwata. Ragarsu siririya ce, an rina ta shuɗiya don kada kifi ya gan ta cikin ruwa, kuma mata ke ɗinke ta in ta yage. Su kan saki ragar ta miƙe tsaye cikin ruwa kamar zana, sai mai jirgi ya riƙa watsa abinci gefe da gefe, kifi ya zo ƙetarawa ya maƙale. Abincin nan ƙwan wani babban kifi ne da a ke kawowa cikin ganguna daga ƙasar Norwe, ga shi da tsada, sabo da haka su kan cuɗa shi da garin tunkuza don ya yi auki. Tunkuza dai wadda kuka sani, ta gyaɗa. Gyaɗar kuwa daga Afirka ta Yamma jirage ke kai ta Faransa, galibi daga Senegal, a matse mai, a sayar wa masunta abin da ya rage. Man ma ya kan ƙare cikin gwangwanin, domin man zaitun na kifi mai tsada ne, man gyaɗa na mai araha. Da na ji wannan a gidan tarihin jiragen ruwa na garin, wanda aka buɗe a 1993, sai na tuna da matan unguwarmu masu ƙuli-ƙuli.

Yanzu bari in zo ga gwangwanin. Wani Bafaranshe mai sana'ar alewa, Nikola Aper, shi ya gano cewa in an toshe abinci cikin kwalba sosai aka dafa kwalbar cikin ruwa, abincin zai daɗe bai lalace ba. Ya buga littafi a kan haka a 1810. A 1824 wani mutumin birnin Nant ya buɗe gidan sa sadin cikin gwangwani, a 1853 kuwa sana'ar ta iso Duwarnane. Kafin wannan, gishiri a ke zuba wa kifin a danne shi cikin ganga. Nan da nan gidajen gwangwani suka cika bakin kwata, mutanen ƙauye suka yi ta kwararowa, aka raba aiki biyu: maza a teku, mata a gidan suya. Haka su ke kiran masana'antar, gidan suya, kuma za ku ga dalili.

In kifi ya iso, a barbaɗa masa gishiri, sa'an nan mace ta sa wuƙa ta cire kai da hanji a ja ɗaya. A jiƙa shi cikin ruwan gishiri, a ɗauraye, a jera bisa ragar waya wutsiya sama, a shanya ya tsane. Sa'an nan a tsoma ragar cikin tafasasshen mai na 'yan mintoci, a fitar ya huce, a jera cikin gwangwani da hannu, a cika da mai. Liƙe murfi da dalma aikin maza ne, kuma su aka fi biya, har injin liƙewa ya zo ya raba su da aikin. Daga ƙarshe a dafa gwangwanin kansa. Duk macen da ta taɓa gyaran ƙananan kifi kwano guda ta san abin da gishiri ke yi wa yanka a yatsa. To, ku auna dubu nawa a rana.

Babbar wahalar kuwa, a zamanin ba firji, kifi ba ya jira. Ko ƙarfe nawa jirage suka shigo, da tsakar dare ne ko da asuba, sai a bi lunguna ana kira, mata su fito a guje, takalmansu na katako na ƙwas ƙwas bisa duwatsun hanya. Ba a tashi sai kifi ya ƙare. Lokacin da ya yi yawa mace ta kan yi awa 18 a tsaye, in kuwa jirage sun makara, zaman jiran ba a biyansa. Doka ba ta yarda a ɗauki yarinya ƙasa da shekara 12 ba, amma akwai 'yan shekara goma a ciki, in sufeto ya zo a ɓoye su. Akwai kuma tsofaffi masu shekara 80. Don kada barci ya kwashe su, waƙa su ke yi baki ɗaya, kamar yadda mu kan yi wajen niƙa ko daɓe, waɗansu na addini, waɗansu na habaici ga masu kuɗi, har aka hana yin wata a wurin aiki. Suna ɗaura wata 'yar farar hula a ka, daga nan aka laƙaba musu suna Pen Sardin, watau kan sadin. Da fari kamar ba'a ce, yanzu kuwa duk ɗan garin, namiji da mace, da wannan suna ya ke taƙama.

A 1902 sai kifin ya ɗauke ƙafa. Shekara da shekaru garke bai matso gaɓa sosai ba, jirage su fita su komo wayam, gidajen suya suka rufe, yunwa ta shiga gari. Abin da ya rufa wa gidaje da yawa asiri shi ne saƙar kwarashi. Aka koya wa mata wata irin saƙar leshi ta mutanen Ailan, suka duƙufa a kai, uwa da 'ya, har da yara maza, ana kai wa manyan birane ana sayarwa. Ku 'yan makaranta masu ƙyuyar darasin ɗinki da saƙa, ga shi dai kun ji. Mazan kuma waɗansu suka gina manyan jirage suka riƙa tafiya har gaɓar Muritaniya kamun wani irin babban jatan lande, su yi wata uku ba su gida, har aka riƙa kiransu 'yan Muritaniya. Gida da yara da bashin kanti duk suna wuyan matar.

Cikin wannan hali ne matan suka fara nuna ba su da wasa. A da, bisa ƙirgen kifi a ke biyansu, ko wane dubu kaza, kuma shugabar aiki ke ƙirgen, sai yadda ta ce. A 1905 suka ajiye wuƙaƙe suka ce sai dai a biya su bisa awa, aka kuwa yarda. Mu mata mun san yaji, mun san kuma ba a yinsa sai tura ta kai bango. Yajin aiki ɗan'uwansa ne, sai dai shi ba a tafiya gidan iyaye, kuma ba mutum ɗaya ke yinsa ba.

Babban yajin, wanda ya sa sunan garin ya shiga littattafan tarihi, ya fara ran 21 ga Nuwamba, 1924. Lokacin nan gidajen gwangwani 21 ne a garin, mata wajen 2,000 ke aiki a ciki, ana biyansu santim 80 a awa, dare da rana kuɗin ɗaya. Santim 100 ke yin faran guda, abin da 'yan'uwanmu na Nijar ke kira tamma. Tun 1919 Faransa ta yi dokar aikin awa takwas a rana, amma dokar ba ta shiga gidan suya ba. Abin ya tashi daga gidan da a ke ƙera gwangwanin, cikin 'yan kwanaki ya game sauran duka. Matan suka ce faran ɗaya da santim 25 su ke so, watau riyal biyar bisa ƙirgen harshensu, kuma da harshen nasu su ke kiran kuɗin a titi.

Bari in ɗan ratse a nan, don abin ya taɓa ni a matsayina na malama. Harshen nan nasu, Biretanci, bai yi kama da Faransanci ba ko kaɗan, kuma a zamanin an hana yara yinsa a makaranta. Yaron da aka kama yana yi sai a rataya masa wani abu a wuya, sau da yawa tsohon takalmin katako, ba zai rabu da shi ba sai ya kama wani ya miƙa masa, wanda kuwa aka tashi yana wuyansa shi zai sha horo. Ƙawata ta ce mahaifinta ya ba ta labarin wannan abu daidai wa daida a makarantar Faransawa a Nijar, sai dai can don Hausa a ke ratayawa. Mu ma nan wace ce ba ta san tarar yin Hausa a aji ba? Ni ban ga abin da yaro ke koya daga wannan ba sai tsegumi da jin kunyar bakin uwarsa. Su dai harshensu ya yi rauni ƙwarai, sai a 1977 aka fara buɗe makarantun da ke koyarwa da shi, yanzu kuma allunan hanya da harshe biyu a ke rubuta su.

To, mu koma ga yaji. Ko wace rana mata su taru su zaga gari suna waƙa, cikin ruwan sama da sanyin Disamba, ƙarar takalman katako na tashi kamar ana sussuka. Mazansu masunta suka shiga, don sun san in ba a soya ba, kamun banza ne. Magajin garin, Daniyel Lafulanshek, ɗan jam'iyyar kwaminis, ya goyi bayansu a fili, har gwamnan lardi ya dakatar da shi daga aiki. Ƙungiyar 'yan ƙwadago ta aiko da mutanenta, cikinsu har da wata malamar makaranta, Lusi Kolyar, wadda ta zauna da matan tana koya musu yadda a ke tsara buƙata da yadda a ke riƙe asusu. Wannan wajen ne ya fi burge ni. Yaji ba ya daɗewa in tukunya ba ta hau wuta ba, kuma matan sun san haka fiye da kowa. Suka kafa wurin dafa abinci na gayya, suka shiga ƙauyuka neman dankali da kayan miya, gudummawar kuɗi ta riƙa zuwa daga ko'ina cikin Faransa har da ƙasashen waje, ana raba wa ko wane gida gwargwadon bakunansa.

Tsakiyar Disamba mai gidan suya ɗaya ta sa hannu ta yarda da ƙari, ita ma mace ce. Sauran suka ƙeƙasa ƙasa. Ministan ƙwadago ya kira ɓangarorin biyu Faris don ya sasanta, masu gidajen suka ƙi. Sa'an nan aka yi hayar 'yan ta-kife daga Faris don su karya yajin. Ran 1 ga Janairu, 1925, mutanen nan suka buɗe wuta a wani gidan shan shayi, harsashi ya sami magajin gari a maƙogwaro, waɗansu ma suka ji rauni. Allah ya yi da sauran kwanansa, amma muryarsa ba ta koma daidai ba. Gari ya hargitse a daren, jaridun ƙasa suka ɗauka, da aka fara binciken wanda ya biya 'yan bindigan kuwa sai masu gidajen suya suka ga ba mafita. Ran 6 ga Janairu, bayan kwana 46, suka sa hannu.

Matan ba su sami riyal biyar ɗin ba. Faran guda a awa aka ba su, da ƙarin rabin kuɗi ga aikin da ya wuce awa goma da aikin bayan sha biyun dare, da alkawarin ba za a kori kowa don ta yi yaji ba. Wata za ta ce santim 20 ne aka yi wa wannan wahala duka? Ni a ganina ƙarin daren ya fi santim ɗin muhimmanci. Muddin dare da rana kuɗinsu ɗaya, mai gida ba ruwansa da ƙarfe nawa ya tashe ki. Ran da dare ya yi tsada kuwa, shi da kansa zai fara duba agogo.

Bayan wata huɗu aka yi zaɓen majalisar gari, sai aka sa sunan ɗaya daga cikin masu yajin, Jozefin Penkale, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya biyu. Abin dariya a nan, a lokacin mace ba ta jefa ƙuri'a a Faransa, amma sai bayan an ƙirga ƙuri'a a ke duba ko wanda ya ci ya cancanta. Ran 3 ga Mayu, 1925, maza suka zaɓe ta, ta zama ɗaya daga cikin matan farko da suka zauna majalisar gari a ƙasar. Ta yi wata shida tana halartar zama, sa'an nan babbar kotu ta soke zaɓen cikin Nuwamba, ba don wani laifi ba sai don ita mace ce. Ta koma bakin wuƙarta a gidan suya, ta rasu a 1972. Matan Faransa ba su sami ikon ƙuri'a ba sai a 1944, suka fara jefawa a 1945. Na faɗi wannan don masu zaton Turawa da abinsu aka haife su. Mu nan Arewa sai a 1976 aka ba mata wannan dama, bayan irin su Hajiya Gambo Sawaba sun sha ɗauri a kanta.

Yau garin ya yi sanyi. Bayan an haɗe shi da ƙauyuka uku na kewaye a 1945 mutanensa sun haura 20,000, yanzu wajen 14,000 ne. Daga gidajen suya 21, uku suka rage, kuma sun bar bakin kwata. Babban cikinsu shi ne na Chancerelle, mai kifi mai tambarin Connétable, wanda aka kafa a 1853, kuma ba gidan sadin da ya girme shi a duniya cikin masu aiki har yanzu. Akwai firji, akwai injuna, an daina kiran tsakar dare a lungu, amma kifi mai daraja har gobe da hannu a ke cire masa kai, da hannu a ke jera shi, kuma galibin masu yi mata ne, yanzu daga ƙasashe dabam dabam. Yawancin sana'ar ta koma Maroko, inda kifin ya fi yawa, ƙwadago ya fi araha. Titus ɗin da ke kantunanmu daga can ya ke zuwa, can ma mata ne a bakin tebur. Matar da muka sauka gidanta, wadda kakarta ta yi aikin suya, ta ce abin da ke damunsu yanzu shi ne baƙi masu kuɗi na saye gidajen bakin kwata don hutun wata ɗaya, 'ya'yan gari kuwa su rasa na haya. A 2024 sun yi bikin cika shekara 100 da yajin, har yanzu hotunan matan da fararen hulunansu na manne a tagogin kantuna.

Kantunan nan kuwa abin kallo ne. Akwai wanda ba abin da a ke sayarwa ciki sai kifin gwangwani, jere har rufi, ko wanne da zanensa mai kyau kamar kwanon jere. Waɗansu an buga musu shekarar da aka kama kifin, ana ajiye su shekara da shekaru, ana juya gwangwanin duk wata shida don mai ya ratsa ko'ina, har ƙayar ta narke. Kuɗin ɗaya sai ya sayi namu huɗu ko biyar.

Wadda Allah ya nufa da zuwa, ta tafi da rigar sanyi ko da bazara ce. Ta duba ƙasa in tana yawo, za ta ga 'yan kifayen tagulla kafe a hanya, in ta bi su za su kai ta duk wuraren da na ambata na cikin gari, da alluna masu bayani. Wajen abinci, gasasshen sadin da burodi da man shanu ba shi da haɗari, amma akwai wata waina tasu mai faɗi, siririya kamar takarda, wadda su kan naɗe naman alade a ciki, sai a tambaya tukuna.

Abin da ba za a bari ba shi ne kwinyaman, watau wainar man shanu da harshensu, wadda wani mai gidan burodi na garin ya ƙaga wajen 1860. Na tambayi yadda a ke yi don ku. A kwaɓa fulawa awo huɗu da yis da ɗan gishiri kamar za a yi burodi, a bari ta tashi. A murza ta da faɗi, a shimfiɗa man shanu mai sanyi awo uku a tsakiya, a zuba sukari awo uku, a naɗe kamar ana naɗe zane. A murza a hankali, a sake naɗewa, har sau uku, in man ya fara narkewa a dakata a kai wuri mai sanyi. Sa'an nan a sa cikin faranti mai zurfi, a tsattsaga samanta da wuƙa, a gasa wajen minti 40 har sukarin ya yi ja ya daskare a gefe. A garinmu da sassafe ya kamata a yi ta, ko cikin hunturu, in ba haka ba man zai tsere tun ba a kai ga wuta ba. Da ɗumi a ke ci, kuma yanki ɗaya ya ishi mutum.